Kwanon da Ya Dawo a Rufe

Ranar Lahadin da aka faɗi sakamakon zaɓe ina da shekara tara, ina tsugune a bakin murhu ina iza kara, Inna tana kwasar tuwon dawa. Ɗan takarar Baba ya faɗi. Tun hantsi Baba yake zaure da rediyonsa, ko kunu bai sha ba, ga Malam Bitrus maƙwabcinmu, mutumin Dukku, yana ta tsokanarsa ta kan danga don nasa ne ya ci. Kullum da la'asar ni ke kai kwanon tuwo gidansu, in tsaya mu yi 'yar gala-gala da 'ya'yansa, matarsa ta cika min kwanon da dafaffiyar gyaɗa in dawo. Ranar sai na noƙe, na ce ai yau mun ɓata da su. Inna ta nuna ni da muciya ta ce, "Ran da gobara ta tashi, ɗan takara ne zai kawo ruwa? Ɗauki kwano ki wuce." Na kai. Washegari Baba da Malam Bitrus suka hau keke ɗaya zuwa gona, suna musu har suka sha kwana.

Yanzu ni ma ina gidan aure nan cikin Kontagora. Makon jiya, bayan zaɓe, na aiki 'yata Hafsatu da kwano gidan Maman Sadiya, maƙwabciyar da ta riƙe ni a haihuwar fari. Kwanon ya dawo ko murfinsa ba a ɗaga ba. Mijinta ne ya tare yarinyar a ƙofa, wai ba sa cin abincin gidan da aka manna hoton 'yan takara ɓarayi. A kan wa, don Allah? A kan mutanen da suka raba mana taliya da sabulu, ni da matarsa muka wuni a layi ɗaya cikin rana, ƙarshe 'yan daba suka ɗauke akwatin zaɓen? Ban yi boko mai nisa ba, amma na ga manyan nasu a waya suna cin shinkafa tare a bikin 'ya'yansu.

Ga cikina wata takwas, maigida kullum yana hanyar Bobi da mota. In naƙuda ta taso, ƙofar wa zan buga? Hafsatu ta tambaye ni ko gobe ma sai ta kai. Na maimaita mata maganar Inna, amma muryata ba ta yi ƙarfin tata ba.