Zahara'u Mai Ragon Turka

Duk wanda ya san Guci ya san Zahara'u matar Jibo, ko bai taɓa ganinta ba ya ji labarin ragunanta. Kowace shekara bayan kaka takan sayi ɗan rago ramamme, ta ɗaure shi a turke a gindin dogon yaro, ta yi ta ba shi harawa da dusa da jiƙon kanwa har Layya ta zo. Hannunta yana da albarka a kan dabba. Ita ce dai kiwo ya ƙi karɓa.

Siririya aka haife ta, siririya ta tashi, har a Yekuwa garinsu ake ce mata Sillen Kara. Ba ciwo ba ne. Tana cin tuwo kamar kowa, kuma a bakin rijiya babu macen da ke riga ta fito da guga. Amma mu nan, jikin mace shi ne shaidar gidan mijinta: in ta yi ƙiba a ce ta samu wuri, in ta rame a ce da magana. Shekara goma sha tara da aure, 'ya'ya biyar, amma duk zuwan da za ta yi gida sai Innarta ta kama damtsenta ta jujjuya, ta ce, "Wai rumbun Jibo gobara ya yi ne?" Mata su kwashe da dariya, ita ma ta taya su, sannan ta hau amalanke ta dawo Guci da abin a ranta.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne Jibo ake zagi da jikinta, mutumin da bai taɓa barin tukunyarta ta kwana a kife ba. Shi in ta kawo maganar sai ya ce, "Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta," ya saɓi hauyarsa ya fita. Ita kuwa ta koma ɗaura zane biyu in za ta biki. Daga baya ma ta fara ƙirƙiro ciwon kai duk ranar da aka yi gayya.

Maƙwabciyarta Gimbiya ce ta kawo mata mafita a ƙulle cikin leda, wasu ƙananan ƙwayoyi da ake saye wurin masu tallar magani ranar kasuwa. Sha-ka-fashe ake kiran su, sunan kaɗai ya isa gargaɗi, amma wanda ƙishirwa ta kama ba ya duba launin ruwa. Cikin wata uku fuskar Zahara'u ta yi fam, wuya ya cika, rigunanta suka ƙi shiga. Da ta je Yekuwa suna, Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Yauwa! Yanzu kika zama mutum." Gaskiya ta ji daɗi ranar nan, daɗin da ta yi shekaru tana jira, har da 'yar ƙwallarta a hanya.

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Guga ɗaya za ta ja sai numfashi ya tsaya mata a wuya. Gwiwoyi suka fara ƙara, zuciya na dukan uku-uku ba gaira ba dalili, ga faɗa da ya zo mata wanda ba halinta ba. Ta bar zuwa rijiya, Jibo ya koma ɗebo ruwa da amalanke. Ta san ƙwayar ce. Amma duk safiyar da ta yi niyyar bari, sai ta tuna kalmar Inna, ta kora ta da ruwa.

Da Layya ta matso, Gimbiya ta ce mata ta riƙa jefa wa ragonta ƙwayar biyu-biyu a dusa, ita ma haka take yi wa nata. Zahara'u ta haɗe rai. "Haba Gimbiya! Dabba amana ce, ba ta da bakin da za ta ce wayyo. Ni ban iya ba." Ta faɗi haka da gaskiyarta, ba ta kuma ji komai a maganar ba.

Wata hantsi Bawa mahauci ya zo duba raguna. Tsoho ne, ya yi shekara arba'in yana fawa, shi ke sayen ragonta kowace shekara. Gimbiya ta jawo nata ta kawo, ƙato, ya fi na Zahara'u cika ido nesa ba kusa ba. Bawa ya shafa gadon bayansa, ya sa babban yatsa ya danna cinyar, ya ɗaga. Wurin ya lotsa, ya ƙi dawowa.

"Wannan ba nama ba ne, ruwa ne," in ji shi. "In na yanka shi rabi zai tsiyaye a ƙasa, hantar kuwa ko kare sai ya yi shawara. An cuci bawan Allah, dubi yadda yake haki."

Ya juya kan na Zahara'u ya danna, naman ya biyo yatsansa ya dawo. Ya yi murmushi. "Shi ya sa nake zuwa gidan nan, 'yata. Ke ba kya cutar abin da Allah ya ba ki amana."

Bayan sun fita Zahara'u ta daɗe a tsaye, tana jin hakin ragon Gimbiya ta bayan danga, irin nata sak. Sannan ta zauna a kan turmi, ta ja zane sama kaɗan, ta sa babban yatsa ta danna ƙwaurinta. Da ta ɗaga, ramin yana nan. Ta zuba masa ido tana jira ya cike, bai cike ba. Kunya ce ta fara kama ta, kafin tsoro, sai kuma wani tausayin kanta da ba ta taɓa ji ba, har ta yi kuka.

Washegari Jibo ya kai ta likita, wato asibiti, da ledar a hannunta. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya auna jininta ya girgiza kai. Ya ce kada ta yanke ƙwayar lokaci guda, hakan ma haɗari ne, sai a hankali, ya tsara mata yadda za ta rage. Ba ta sha da sauƙi ba. Wata huɗu tana fama da kasala da ɓacin rai, kullum riga na ƙara yi mata yawa, mata kuma ba su fasa tambayar ko lafiya ba. Ta fara da zuwa rijiya da ƙaramin bokiti, tana hutawa sau biyu a hanya. Ta kuma koyi zama ta ci abincinta a natse, yadda take tsayawa a kan rago har ya cinye dusarsa. Kafin a gama yankan gero ta koma jan gugarta.

Bayan kaka aka yi biki a Yekuwa, ta je da zane ɗaya. Tana shiga Inna ta kama damtsen nan a gaban mata, ta buɗe baki za ta fara. Zahara'u ba ta janye hannun ba.

"Inna, danna ki gani."

Tsohuwar ta dube ta da mamaki, ta danna. Naman ya dawo.

"Kaɗan ne, Inna, amma nama ne. Wancan da kika yaba, ruwa ne, ya kusa kai ni kabari."

Babu wadda ta yi dariya. Inna ba ta saki hannun ba, haka ta riƙe shi har aka kawo fura.