Injiniya a Cikin Guga

Cikin duk shekarun da na yi ina zanen gine-gine, ban taɓa mantawa da ranar da muka je karɓar tankin ruwa a wani ƙauye tsakanin Zurmi da Dauran ba. Lokacin Zamfara ba ta daɗe da zama jiha ba, an shigo da Shari'a, ko'ina gini ake yi. Ni ƙaramin mai zane ne a wani kamfanin gine-gine a Ƙaura Namoda.

Tsarin aikin shi ne ni in zana, Injiniya ya duba ya sa hannu, magina su gina, sannan mu je mu duba kafin a miƙa wa mutanen gari. Na zana hasumiyar ƙarfe mai tsawon bene biyu, da tanki a samanta. Komai na sa, har launin fenti. Tsani ne kawai na manta. Injiniya Bawa kuwa, mutum mai jiki da son babbar riga, ya sa hannu yana cin gyaɗa.

Ranar Juma'a da hantsi muka isa. Katakan da magina suka ɗaɗɗaure don hawa suna nan, sai Injiniya ya tattare riga ya haye yana nishi, ya ɗaga murfi ya shige cikin tankin duba walda. Ni na zagaya wajen rijiyar burtsatse. Shugaban magina, Malam Ɗanjumma, bai san da kowa a sama ba. Ya sa aka kwance katakan, aka loda a akori-kura, mota ta kama hanyar Shinkafi inda wani aikin ke jira.

Ina dawowa na ji murya daga sama: "Sani! Ina tsanin wanga abu?"

Na buɗe takardar zane, na juya ta sama da ƙasa. Na ce, "Ranka ya daɗe, babu shi."

"Wa ya sa hannu ga wagga takarda?"

Na ɗaga masa takardar, na ɗora yatsa a kan sa hannunsa.

Rana ta take, ƙarfe ya ɗau zafi, Injiniya na ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya. Ga shi da hawan jini. Tsanin garin duka na hawan rumbu ne, ko rabi bai kai ba. Jama'a suka taru, wani tsoho ma ya tambaya ko sabon ladan aka kawo masu.

Wani Bafulatani, Arɗo Jaɓɓi, da ya kawo shanu shan ruwa, shi ya cece mu. Ya ce, "Yadda muka fid da ruwa rijiya, haka za mu sauko da shi." Aka jefa igiya da dutse, Injiniya ya rataya ta a ƙarfen sama, aka aika masa da ƙaton gugan fata, aka ɗaura ɗaya bakin igiyar a jikin takarkari.

Injiniya ya ce, "Arɗo, sanka na da hankali?"

"Ya fi wanda ya gina abin ga, Alhaji."

Haka ya zauna cikin guga, ƙafafu a waje, yana salati da ƙarfi, sa na ja da baya sannu a hankali. Saura kamu biyu ya taɓa ƙasa, san ya hango dusa ya yi gaba. Injiniya ya koma sama. Sai a karo na biyu ya dira, hula a hannu, ana kiran salla.

Muka koma Ƙaura. Washegari Injiniya ya ajiye zanen a gabana, ya ce in sa tsani mai kariya a baya, da shingen ƙarfe kewaye da tankin, da wurin tsayawar mai wanki.

Ku masu tasowa, kafin ku miƙa zane, ku bi shi da yatsa ku tambayi kanku: mai ginawa ta ina zai hau, mai gyara ina zai dafa, kuma ta ina za su sauko? Mu mun yi sa'a abin ya ƙare da dariya. Da mai walda ne shi kaɗai a can, ba makiyayi kusa, da ta'aziyya muka je.