Makullin Alhaji Idi na Maraɗi

Shekara shida ke nan da muka kai mahaifina, Alhaji Sule, makwancinsa. Har yau in na ji rediyo ta ce an rufe iyaka, shi nake fara tunawa, sai kunya ta biyo baya.

Baba fatoma ne a Fagge, mai saukar da baƙin 'yan kasuwa. Mutanen Nijar in sun zo sarin atamfa da shadda gidanmu suke sauka, ya ba su masauki, ya raka su kasuwa, ya tsaya musu. Cikinsu akwai Alhaji Idi na Maraɗi, wanda yake zuwa tun ban yi wayo ba. Ɗakin da ke jikin zaure nasa ne. Har makulli Baba ya yanka masa, wai kada ya taɓa isowa ya tsaya jiran wani.

Baba bai yi boko ba, amma ya fi masu sharhi sanin rikicin ƙasashe. Duk sanda manya suka sami saɓani, hanya ta yi wuya, ba ya shiga musun wa ke da gaskiya. Goro yake saye, ya nemi mai tsallakawa ya kai Maraɗi. Na taɓa yi masa tsiya, na ce yanzu goro ne zai buɗe boda? Ya ce, "Habu, su za su shirya komai daɗewa. Ranar da suka shirya, mu da wane ido za mu dubi juna?"

Yana kwance ciwon ajali ya bar mini wasiyya ɗaya: ɗakin Idi na Idi ne.

Bayan rasuwarsa aka yi babban saɓanin nan. Motoci suka yi layi a bakin iyaka, albasa na ruɓewa a cikinsu, ciniki ya mutu a Fagge. Da Baba na nan, na san hanyar masu goro zai nufa. Ni kuwa majalisa na zauna, ina taya masu cewa bari mutanen Nijar su ji a jikinsu. Ban aika komai ba, ko waya ban buga ba. Da na ga baƙi sun ɗauke ƙafa, na cika ɗakin da dilolin yadi, na canza kwaɗo.

Manya suka shirya, kamar yadda ya faɗa. Wata Laraba bayan azahar na dawo gida na tarar da tsoho a zaure, jakarsa a ƙasa, yana ta murɗa makulli a kwaɗon da ba nasa ba. Alhaji Idi ne. Ya rame. Na fara kame-kame, ya ɗaga mini hannu.

"Babu komai, ɗana. Ungo makullin, na babanka ne."

Ko ruwa bai sha ba. Ranar ya koma.

Gidan yana nan, sunan Baba yana nan a bakin 'yan kasuwa, amma abin da ya shekara talatin yana tattali ni na ɓarar cikin 'yan watanni, kuma ba gwamnati ce ta sa ni ba. Wannan ne yake ci mini rai.

Na kwashe dilolin, na mayar da tsohon kwaɗon. Sau biyu ina aika goro Maraɗi da makullin a ciki. Goron suna karɓa, makullin ne yake dawowa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa kada ya tambaye ni.