Farfesa Noreen Demchuk da Dakarun Jiki Masu Barci

Haihuwa da karatu

An haifi Noreen Demchuk ranar 9 ga Maris, 1952, a garin Yorkton na lardin Saskatchewan. Mahaifinta, Orest Demchuk, manomin alkama ne, mahaifiyarta Stefania kuwa ungozoma ce. Bayan ta kammala sakandare a 1970, ta karanci ilimin halittu a Saskatoon, daga bisani ta sami digirin digirgir a fannin garkuwar jiki a Toronto a 1979.

Aure da aiki

A 1981 ta auri Gordon Friesen, makanikin taraktoci, suka zauna a Winnipeg, inda ta buɗe ɗakin bincike kan sankarar mama. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, duk ƙarin sankarar da ta yanka ta duba, sai ta tarar da ƙwayoyin garkuwar jiki cunkushe a cikinsa, amma ba sa taɓa cutar. Ta shafe shekara ashirin tana tattara hujjojin cewa cutar kan janye wasu daga cikin ƙwayoyin zuwa ɓangarenta, su kuma su sa 'yan'uwansu mayaƙa barci. Abokan aikinta da yawa ba su gamsu ba. Mijinta ma yakan tsokane ta a kan abinci.

"Har yau sojojin naki ba su tashi ba? Ni tarakta in ta ƙi tashi, kwana biyu nake ba ta."

"Ci abincinka, tsoho," in ji ta. "Barci suke, ba mutuwa suka yi ba."

Ta zama farfesa a 1998, ta yi ritaya a 2015.

Rashin lafiyar Larysa

A 2017 aka gano sankarar mama a jikin autarta, Larysa, tana da shekara talatin da ɗaya. Magungunan da aka saba ba su yi aiki ba, sai aka sanya ta cikin gwajin wani magani mai farkar da ƙwayoyin garkuwa, ƙarƙashin Dakta Wendell Ahenakew, tsohon ɗalibin Noreen. Bayan wata takwas, Larysa ta bugo waya daga asibiti.

"Mama, zauna tukuna."

"A zaune nake. Faɗi."

"Likita ya ce bai ga komai ba."

Noreen ba ta amince ba sai da aka aiko mata da hotunan gwajin ta duba da idonta har sau uku. Sannan ta cire tabarau, ta ce wa Gordon ya ɗora ruwan shayi.

Rasuwa

Ta rasu a gidanta sakamakon ciwon zuciya ranar 2 ga Oktoba, 2023, tana da shekara saba'in da ɗaya, aka binne ta a maƙabartar cocin iyayenta a Yorkton. Ta bar mijinta, da jikoki biyar, da 'ya'ya uku: Dennis, da Marusia, da Larysa, wadda ta tsaya da ƙafafunta cikin ƙoshin lafiya ta karanta addu'ar bankwana a bakin kabarin.