Taraktar da na tura golmo

Shekarun baya, lokacin da nake jin kamar ni na kafa garin Zuru, na nemi auren wata malamar firamare, 'yar wani ƙauye a hanyar Dirin Daji. Mahaifina tsohon hafsan soja ne, gidanmu mai bene, ni kuma na dawo daga jami'a da digiri da ƙaton kai. Ina sonta tsakani da Allah, amma can ƙasan raina gani nake alfarma nake yi wa gidansu.

Ga wanda ba ɗan ƙasarmu ba, golmo shi ne saurayi ya tara abokansa su yi wa uban yarinya noma, a da shekara da shekaru ake yi. Mahaifinta ya sassauta mini ƙwarai. Ya ce, "Ɗana, zamani ya canja. Yini ɗaya ya isa. Ka zo da mutanenka ku yi mini huɗa."

Mahaifiyata, wadda ita ma a ƙauye ta tashi, ta ce in je in roƙi 'ya'yan kawuna su raka ni. Na ce, "Haba Mama! Ni in duƙa da garma kamar lebura? Kuma in je ina roƙon waɗancan?" Ta dube ni, ta ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Sai na yi abin da na ɗauka wayewa ce. Na yi hayar tarakta na tura gonar da sassafe, na biyo baya da hantsi cikin motar gidanmu, sanye da farar shadda. Shadda fa, zuwa gona! Kafin in isa an gama aiki. Matan gidan sun dafa tuwon dawa na taron maza, tukwane jere a ƙarƙashin ɗorawa, ba mai ci sai direban tarakta.

Tsohon ya ce, "Aiki ya yi kyau. Ina mutanen naka?"

Da bakina na ce, "Baba, abin da talakawa za su yini suna fama da shi, inji ya gama kafin rana ta yi zafi. Wahalar me?"

Ya juya ya dubi tukwanen tuwon. Can ya ce, "Ashe sunanmu ke nan. Ba gonar ce ta gagare ni ba, ɗana. So nake in ga masu tsaya maka ranar da ka faɗi, don a hannunsu zan bar 'yata."

Bai hana ni ita ba. Ita ce ta zo har gidanmu bayan kwana biyu ta fasa auren, ta ce, "Ina tsaye a bayanka da kwanon abincinka lokacin da ka faɗa. Haka za ka kira uwata wata rana a gaban 'ya'yanmu."

Kun san me na yi? Ban ba da haƙuri ba. Cewa na yi ita ta yi asara.

Na yi aure tuni, ita ma haka, amma wallahi abin na nan yana ci na, kuma ba wanda nake jin haushi sai kaina. Yini ɗaya aka nema a wurina, na kasa sunkuyawa. Mukan haɗu a kasuwar Zuru jefi-jefi. Ba ta taɓa ɗaure mini fuska ba. Sai ta ɗan rusuna, ta ce, "Ranka ya daɗe," ta wuce, irin gaisuwar da ake yi wa manyan mutane waɗanda ba a haɗa komai da su ba.