Makon da Aka Kayar da Giginyoyinmu

Ranar wata Juma'a ce ta farkon damina, shekarar da na shiga aji huɗu, ɗan giginya ya fasa mini kai. Ina tsugune a jinena, wato ɗan lambun da ke bayan gidanmu a ƙauyenmu na kusa da Suki, ina wanke kwanonin karin kumallo kusa da bishiyar lemo. Ban ji faɗowarsa ba. Na dai tsinci kaina kife a ƙasa, bakina cike da laka, wani abu mai ɗumi yana gangarowa cikin kunnena. Da na buɗe ido sai na ga ruwan wanke-wanken ya koma ja, ga ɗan giginyar can gefe, nunanne, ya kai kan jariri girma, yana ta ƙamshi abinsa. Da yake ni ce 'yar fari, Inna ba ta kama sunana, balle ta rungume ni a gaban jama'a. Ta tsaya bakin madafa tana cewa a ɗauke yarinyar nan daga wurin. Goggo, ƙanwar Baba, ita ta dumbuzo garin gahawa ta danna a raunin, na yi ƙarar da ta tara mana unguwa.

Cikin wannan taron Baba ya dawo daga gonar audugarsa. Baba mutum ne mai kirki da saurin fushi, kuma tashin da ya yi cikin Larabawa ya sa ya ɗauko ɗabi'arsu ta rantsuwa da saki. Baƙo ya ce ba zai ƙara shayi ba, Baba zai rantse da auren Inna sai ya ƙara. Inna takan yi dariya ta ce aurenta a bakin kofin baƙi yake zaune. Ran nan babu wanda ya yi dariya. Baba ya dube ni cikin jini, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce da ƙarfi a gaban kowa, “Alayya talak bittalata, in anka kira sallar Juma'a mai zuwa da giginya ko guda tsaye cikin gidan ga.” Ko mu yara mun san ma'anar wannan magana. Saki uku ne, ba kome. In ladan ya riga gatari, Inna ta bar gidan ke nan.

Giginya biyu ne a jinenar, mace da namiji. Kaka, mahaifin Baba, shi ya shuka su lokacin da ya taso daga yamma da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a bakin kogi, ya ce bari ya yi damina ɗaya, ya yi ta yin damina har tsufa. Macen ce ke zubo 'ya'ya. Muna tsotsarsu har bakinmu ya yi rawaya, mu binne ƙodagon mu jira muruci, Goggo kuma ta saƙa tabarmi da mahuci da ganyen. Namijin yana can jikin katanga ta wajen magudanar ruwa, dogo, bai taɓa jefo wa kowa komai ba sai inuwa. Kaka ya ja sandarsa har gidan liman yana neman mafita. Liman ya ce rantsuwa da Allah tana da kaffara, wannan kuwa ba ta da ita. Da ya dawo, abu ɗaya na ji ya faɗa wa ɗansa: “Macen ta yi laifi, na ji. Namijin fa, mi yay yi maka?” Baba ya sunkuyar da kai. Bakinsa ya riga ya ce ko guda.

Aka kira gayya, maza suka zo da gatura da magirbai da igiyoyi. Giginya ba ta saruwa kamar sauran itatuwa. Bayanta baƙi ne, tauri gare shi, gatari na dawowa ya girgiza wa mutum haƙora. Sai dai a haƙa rami a zagaye gindinta, a bi saiwoyin nan masu yawa ana datsewa, wani ya hau ya ɗaura igiya a wuyanta, a ja. Ran Talata macen ta faɗi. Ƙasa ta girgiza har tulunan Inna suka yi ƙara. Sheƙunan tsattsewa suka tarwatse, 'yan tsaki marasa gashi suka warwatsu a ƙasa suna buɗe baki, jemagu na rarrafe, yaran unguwa na bin su da sanduna suna fasa musu kai. Wani maciji ya fito daga cikin ganyen, aka yi masa gunduwa-gunduwa yana nan yana murɗawa. Ina zaune da rawanin tsumma a kaina ina kallo, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, domin ita ta fasa ni. Kaka bai fito daga ɗakinsa ba.

Aka koma kan namijin, aka haƙa masa rami Laraba da Alhamis. La'asar ɗin Alhamis hadari ya haɗo, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wanda ya san baƙar ƙasar wajenmu ya san halinta: da rani ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta zama sabulu. Safiyar Juma'a ramin ya cika fal, giginyar ta ɗan karkata, babu mai iya cewa ina za ta nufa. Dattawa suka ce a bari ƙasa ta sha iska kwana biyu. Kwana biyun ne babu. Duk makon nan Inna tana daka tana tuwo kamar kullum, amma na leƙa ƙarƙashin gadonta na ga ta ɗaure tufafinta a zane. Tsoron da na ji lokacin ya fi na ranar da kaina ya fashe.

Maza suka kama igiya, ƙafafunsu na santsi, suna faɗuwa kan juna. Rana ta ɗaga, mutane sun fara zamewa don su je wanka. Sai Baba ya tuɓe riga ya faɗa ramin da gatari, ruwa har gwiwa, yana lalubar sauran saiwoyin da ƙafa yana sara a makance. Aka yi ta ce masa ya fito. Na ji wata ƙara kamar an yaga sabon yadi. Giginyar ta juya a kan gindinta, ta bar wajen masu igiya, ta rushe katanga, gindin kuma ya yi tsalle ya danne Baba a jikin ramin. Na ga ƙashin ƙaurinsa fari ya huda fata ya fito. Ruwan lakar ya rine. Bai yi ihu ba da farko, idanunsa ne kawai suka firfito, yana dukan laka da hannu. Aka kawo itatuwa aka yi ta ɗagawa, itace na karyewa, gindin na komawa kansa, a nan ne ya yi kukan da har yau nake ji. Inna, wadda ba ta taɓa fitowa gaban maza ba mayafi ba, ta ratsa su ta shiga lakar ta tallabe kansa. Ya ce mata, “An kira salla?” Ta ce, “Ba a kira ba, Malam. Ta faɗi. Yi shiru haka nan.” Suna ɗora shi kan gado za a kai shi bakin hanya ladan ya ɗaga murya.

A asibitin Wad Madani aka yanke ƙafar daga gwiwa. Ya dawo da sanda, gonar ta koma hannun ƙaninsa, shi kuma ya zauna a jinenar da babu sauran inuwar giginya yana tufkar igiya. Kaka ya sa aka tsaga giginyoyin aka yi azara, ya ce a rufa ɗakin Inna da su. Ban sake jin Baba ya rantse da komai ba, ko da baƙo ya ƙi shayi.

Da na girma na zauna a wata unguwa ta bayan birni, na ga maƙwabcina ya kira samari da zarton inji su cire dabinon lambunsa don ya sami wurin ajiye mota. Sun hau sun yanka shi gaɓa-gaɓa daga sama, kafin azahar har sun share wurin. Babu wanda ya ji ciwo, babu kuma wanda ya tsaya kallo sai ni. Na tsaya ina kewar gidan nan namu mai hayaniya, inda magana ɗaya ke da nauyin da za ta kayar da itace. Inna ta zauna da Baba har ya rasu. Da can mace ce mai saurin tafiya, amma tun ranar da ya dawo da sanda ban sake ganin ta wuce shi a hanya ba.