Murhun Malam Kalilu a Gaban Muciyar Talatu

Kowace safiya, tun kafin motocin gyaɗa su fara jeruwa a bakin iyaka, za ka iske Malam Kalilu a bayan aji yana ɗaga zana. A ƙarƙashinta akwai murahun yumɓu da ɗalibansa suka gina, yana duba wanda ya tsage da wanda akuya ta taka. Daga nan ya shiga aji, hannun rigarsa duk laka, ya ɗauki alli kamar ba shi ba.

Darasin da ya fi ƙauna shi ne na zafi: inda wuta take samun ƙarfinta, da inda ƙarfin yake zurarewa a banza. Bai yarda a haddace shi ba. Duk shekara bayan girbi sai ya raba yara ƙungiya-ƙungiya, kowace ta gina murhunta, a ba su ice biyar-biyar, a ga wadda ruwanta zai riga tafasa. Yana da dalili. Ice ya yi wuya a Jibiya, har mata kan tsallaka iyaka zuwa yankin da Faransi ke mulki nemansa, masu tsaron daji su ƙwace musu gatari.

Iyaye maza kuwa abin bai yi musu ba. Ɗa namiji a gindin murhu? Ƙara ta kai Katsina. A 1956 takarda ta zo cewa mai duba makarantu zai halarci gasar da kansa, in ya ga wasan ƙasa ne, to an yi ta ƙarshe.

Saura kwana ashirin, Malam ya ɗauki murhun da ya ci gasar bara ya kai wa Talatu mai tuwo a tasha, don ya sami wadda za ta shaide shi. Ruwa ya tafasa nan da nan, har Malam ya fara murmushi. Da tuwo ya yi kauri Talatu ta danna muciya ta juya, sai murhun ya dare biyu, tukunya ta kife a ƙasa.

Ta dube shi ta ce, "Malam, kai ruwa kake tahwasawa, mu tuwo muke tuƙawa. Ka taɓa riƙa muciya kuwa?"

Bai taɓa ba. Shekara bakwai yana raba kyauta a kan murhun da ba ya ciyar da kowa, kuma ba wanda ya lura, domin duk alƙalan maza ne.

Da ya so, da ya yi shiru. Mai duba makarantu ma ai bai san nauyin muciya ba, a tafasa masa ruwa ya tafa ya koma Katsina. Amma kai ne, Kalilu, ka tsaya gaban yaran da ka haifi kamarsu ka ce ka yi kuskure. Kai ne ka sa aka farfasa murahun da suka kusa bushewa, ka ce bana tuwo za a tuƙa, kuma Talatu ce alƙali. Waɗanda suka gan ka a waɗancan kwanaki sun ce abinci ma ba ya shigar maka, kullum kana latsa yumɓu da yatsa ko ya bushe.

Ranar gasa iyaye suka cika gindin tsamiya, mai duba makarantu na kan kujera da littafinsa. Murhu na farko ya tsage tun muciya ba ta zagaya sau uku ba. Aka kwashe da dariya. Na biyu ya karkace, sai da aka tare tukunyar da sanda. Na uku ya cinye icensa kaf tuwo bai nuna ba. Baƙon nan kuwa sai rubutu yake yi, Malam yana kallon alƙalamin. Wani dattijo ya ɗaga murya ya ce, "To, ga abin da ake koya ma ɗiyanmu!"

Saura ɗaya, na wani ɗalibi Manu da abokansa. Su sun yi abin da sauran suka ji kunyar yi, sun je sun zauna wurin kakar Manu sun kalli yadda take tuƙi. Ba su yar da duwatsu ukun nan na kowane gida ba. Sun bar su su ɗauki nauyin tukunya, suka kewaye su da yumɓu haɗe da ƙaiƙayi don iska ta daina kwashe zafin. Talatu ta gyara zama, ta kama muciya hannu biyu, ta tuƙa da dukan ƙarfinta kamar mai neman fasa shi. Murhu ko gezau. Da ta sauke, ice biyu na ajiye ba a taɓa su ba.

Ta share fuska ta ce, "Wanga kam murhu ne. Gobe ku taho ku gina mani irinai."

Mai duba makarantu ya rufe littafi, ya ce a zuba masa malmala ɗaya. Yau shekara uku ke nan, ka shiga gidajen Jibiya har ƙauyukan Kusa da Mazanya za ka ga irin murhun, mata da yawa ma ba su san daga inda ya fito ba.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne, bana Malam zai ajiye alli, domin idonsa ya yi rauni. Gasar da ta tsira daga alƙalamin Katsina tana iya mutuwa don rashin mai riƙe ta. Malaman da suka rage, kowa ka tambaya sai ya dubi farar rigarsa ya ce zai yi tunani.

Mun gode, Malam Kalilu, mai laka a hannun riga. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka lafiya. Ku kuma malamai, wani ya naɗe hannun rigarsa tun mai ita yana nan zai nuna masa. An gama girbi, yara sun fara tambaya ko su je ɗebo yumɓu, kuma har yau ba wanda ya ba su amsa.